Windows, Mac ko Linux: Wace Ce Ta San Ƙugiyarmu?

Gabatarwa

Ƴan uwa ɗalibai, gardama uku ce ba ta ƙarewa a fadojin shayinmu: ta ƙwallo, ta kokawar takobi, sai ta kwamfuta, wadda mu ƴan lakwal muka fi sani da ordinatar. Ta ukun nan ita ce auta, amma ta fi yayyenta zafi. Mai Windows ya ce tasa ce ta jama'a, ko'ina ka shiga da ita za a gane ka. Mai Mac ya ɗaga injinsa a hankali yadda kowa zai ga tuffar nan ta baya, ba sai ya ce komai ba. Mai Linux kuwa, in ka bar shi ya fara wa'azi, sai shayi na uku ya huce bai kai rabi ba.

Abin da ake gardamar a kansa shi ne uwar manhaja, wato sistam. Ita ce ke tashi da zarar ka kunna inji, ita ke sulhu tsakanin allo da madannai da injin buga takarda, kuma a bayanta sauran manhajoji irin su Word suke goye. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, ɗan Matamaye, kuma ma'aunina a wannan gardama haruffa huɗu ne: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ina so mu bi tarihi mu ga wane ne ya zaɓa mana sistam ɗin da muke cewa zaɓinmu ne, kuma yaya kowace ta karɓi waɗannan haruffa. In an gama, kowa ya riƙe tasa, amma ya riƙe ta da sani.

Ƙugiya ta girmi kwamfuta

Kakanninmu da ajami suka yi rubutu. Da boko ya zo a farkon ƙarni na 20, sai Turawa suka tarar da sautuka a bakin Bahaushe waɗanda abacadarsu ba ta da gurbinsu. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. A wancan zamani ana nuna sautukan nan da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da ƴar alama a gefensa. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama a maɗaba'ar Zariya, zamanin Rupert East, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta taimaka ƙwarai wajen sabar da idon mutane da su.

A ɓangarenmu na Nijar abin ya bi wata hanya. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsuna shida, cikinsu har da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci da Buzanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a nan Damagaram. A 1978 aka sake wani taro a Yamai wanda ya fitar da abacada ta bai-ɗaya don harsunan Afirka. A 1982 wasu masana biyu na Ingila, Michael Mann da David Dalby, suka yi wa abacadar nan gyara, har suka tsara allon tafireta da ake kira da sunan Yamai, wanda babu manyan baƙaƙe a cikinsa don a samu wurin da za a zuba sababbin haruffa. Bai samu karɓuwa ba. Sai a watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar, kuma a cikinsa ne ƴ take zaune, inda ƴan uwanmu na Najeriya suke rubuta 'y.

Duk tsawon wannan lokaci, sakatare mai tafireta ta Faransa ba shi da dabara illa ya buga k, in ya zare takarda ya ɗauki biro ya maƙala mata ƙugiya. In ya gaji, ko an kira salla, sai ƙafa ta kwana kafa. Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. Ku gwada: kare da ƙare, bari da ɓari, daka da ɗaka, gada da gaɗa, ya da ƴa. Wanda ya rubuta "an kama baki uku" ya bar mai karatu da aikin duba: bakuna ne, ko baƙi?

Uku daga nesa

Babu ɗaya cikin ukun da aka haifa da mu a zuciya. Kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a Agustan 1981, da wata sistam ta kamfanin Microsoft mai suna DOS: baƙin allo, sai ka rubuta umarni da Ingilishi. Ƙa'idar haruffan da injinan wancan zamani suka gada, ASCII, gurbi 128 ne da ita kacal. Ko é ta Bafaranshe ba ta samu shiga ba, balle ƙ tamu.

A Janairun 1984 kamfanin Apple ya fitar da Macintosh, da linzami da hotuna a allo. Dabarar Apple tun ran nan ita ce: inji nasa, sistam tasa, a dunƙule ake saye. Microsoft ya biyo da Windows ta farko a Nuwamban 1985, amma da wata dabara daban: ya sayar wa kowane maƙerin inji izinin ɗora ta. Shi ya sa HP da Dell da Toshiba da Lenovo duk suka zama dawakin Windows. Daga nan aka yi Windows 95, aka yi XP a Oktoban 2001, Vista a 2007, Windows 7 a 2009, Windows 10 a 2015, Windows 11 a 2021.

Ta ukun labarinta ya fi kama da namu. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin a samu manhajar da kowa ke da ƴancin dubawa da gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, wato tsaranmu, ya rubuta zuciyar sistam ya saka a intanet ya ce duk mai so ya taɓa. Haɗuwar biyun ta haifi abin da muke kira Linux. Ba guda ɗaya ba ce, dangi ne: Debian ta 1993, Ubuntu ta Oktoban 2004, Mint da sauransu. Ubuntu ɗin nan wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa ta, sunan kuma daga harsunan Zulu da Kosa ya fito, ma'anarsa ta yi kusa da abin da muke cewa mutuntaka.

A shekarar 1991 ɗin dai aka yi wani abin da ya fi duk wannan muhimmanci a gare mu, kodayake ba a yi masa ganga ba. An fitar da ƙa'idar Unicode, wadda aka tsara don ta ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin. Haruffanmu suna ciki tun bugun farko: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4, manyansu ma kowace da tata. Ku riƙe wannan shekara. Tun kafin a haifi kowa a cikinmu aka yanka wa ƙugiya filinta. Ginin ne ya ɗauki lokaci.

Yadda Windows ta zama ƴar gida

In ka tambayi ɗan Matamaye me ya sa yake aiki da Windows, zai ce ita ya fi so. Ni kuwa sai in ce: yaushe aka taɓa ba ka wata ka ƙi?

Intanet ta shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990, ta fara da Yamai. A shekarun 2000 gidajen sibar suka bazu a manyan garuruwa, kuma abin da ke kan teburansu Windows 98 ce, daga baya XP. Yayyenmu da suka fara buɗe adireshin Yahoo, a kanta suka koyi riƙe linzami. Ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, da ita injinansu suka zo. Cibiyoyin koyon informatik kuwa darasinsu uku ne, Windows da Word da Excel, a ba ka takardar shaida. Wanda ya koya ya koyar da wani, har sunan kamfani ya zama sunan sana'a.

Sai hanyar da injinan ke biyowa. Mu nan tsakanin kasuwa biyu muke. Akwai kayan da ke fitowa ta Kwatano da Lome zuwa Yamai da Damagaram, waɗanda ake yi wa kirari da "Faransa sai wata rana". Akwai kuma na Kano, ƴan Beljiyam, waɗanda ake saya a titin Beirut su biyo ta Daura su tsallako iyaka. Duka na hannu ne, injinan da ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu. Kusan dukkansu da tambarin Windows a manne suke zuwa. Mai gyara kuma faifai ɗaya ko kile ɗaya gare shi, kuma maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a formate. Sau da yawa kwafin da zai zuba maka ba na halal ba ne, shi ya sa da yawanmu muka san baƙin allon nan na Windows 7 mai ƴar sanarwa a kusurwa, wadda ke tona asirin mai inji a gaban jama'a.

Kasuwa biyun nan sun bar mana wani gado a ƙarƙashin yatsu. Injin da ya fito ta hanyar Faransa allon madannansa AZERTY ne, na Kano kuwa QWERTY. Sai a sayo na Kano a zuba masa Windows ta Faransanci: ka danna inda aka rubuta Q, allo ya nuna A, ka danna W ya ba ka Z, M kuma ta yi ƙaura. Ga mai rubuta Hausa wannan ba wasa ba ne, don babu harafin da muke bugawa kamar a, ga w a wannan da wani da wata da wanda. Za ka ga ɗalibi ya manna ƴan takardu a kan madannai, wani kuma ya haddace ya daina kallo. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin Damagaram da Daura a farkon ƙarnin jiya, ga ta nan kwance a kan kilabiye.

Zamanin }asa da ]aki

Unicode ta ba da lamba, amma lamba ba ta isa ba. Sai an samu salon harafi, abin da muke ce wa folis, wanda aka zana ƙugiyar a cikinsa, sannan a samu hanyar buga ta. A zamanin Windows 95 da 98, har zuwa XP, Times New Roman da Arial da kowa ke aiki da su ba su da haruffanmu. In ka dace da Lucida Sans Unicode ko Arial Unicode MS za ka same su, amma sai kalma ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da ƴan uwansa kamar baƙo a gidan biki. In ba ka dace ba, sai ɗan akwati fanko.

Hausawa ba su zauna jira ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera salon haruffa masu ƙugiya don kwamfuta, kuma marubuta da maɗaba'u sun ci moriyarsu shekara da shekaru. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce aro: a ɗauki gurbin wata alama da Bahaushe bai cika buƙata ba, a zana ƙ a wurin. A allonka ƙ kake gani, amma a cikin inji alamar nan ce ta asali. Muddin kana da folis ɗin, lafiya lau. Ran da takardar ta je injin da ba shi da shi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaki ya koma ]aki, ɓarawo ya zama ~arawo.

Duk wanda ya taɓa neman tsofaffin kundayen bincike na Hausa a intanet ya ci karo da wannan. Aikin shekaru ne na malamai da ɗalibai, yana nan amma kamar babu, don in ka rubuta "ƙasa" a wurin nema, inji ba zai kai ka ga "}asa" ba. Masu dabarar ba su yi laifi ba, sun yi gini da ƙasar da suka samu. Abin takaici shi ne har yau akwai ɗakunan buga takardu da ke aiki da wannan hanya, alhali dalilinta ya kau tuntuni.

Ya kau ne a hankali. Mac OS X ta 2001 ta zo da Unicode a jikinta da haruffan da suka san ƙugiya. A Linux, salon DejaVu da aka fara a 2004 ya ɗauke su, kuma cikin jerin allunan madannai akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Gana. Windows Vista ta 2007 ta zo da Times New Roman da Arial da aka faɗaɗa, Windows kuma ta samu allon madannai mai suna Hausa. A zamanin Vista da Windows 7 har fassarar fuskar Windows aka yi zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Sai dai an gina ta ne a kan Windows ta Ingilishi, allon ma a kan QWERTY. Wato an yi ɗinkin da awon Kano. Mu masu Windows ta Faransanci, masu buƙatar é da è da ç don aikin mushe da safe, da ƙ da ɗ don waƙa da dare, ba a auna kafaɗarmu ba.

Shekarar 2007 a maƙwabta

Don ku san gardamar nan ta wuce fadar shayi, ku dubi abin da ya faru a Najeriya a 2007. A shekarar ne shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, na Nicholas Negroponte, ya yi gwaji a wata firamare da ke Galadima kusa da Abuja, da ƴan injina kore da fari masu aiki da Linux. Kafin shekara ta ƙare wani kamfani mai suna Lancor ya kai shirin ƙara kotu a Legas, yana zargin an kwaikwayi allon madannansa mai suna Konyin, wanda aka ƙera don harsunan Najeriya. Ashe madannan da ke buga ƙugiya dukiya ce har ta shari'a.

A shekarar dai, kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin zuba Linux a injina 17,000 na ƴan makaranta a Najeriya. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a zuba Windows. Ranar 31 ga Oktoba shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi wadda ta zaga duniya. Bayan ƴan kwanaki hukumar da ke biyan kuɗin mafi yawan injinan ta ce Linux ɗin take so a bari. Me ya sa manyan kamfanoni za su yi ta kai ruwa rana a kan injin ɗan firamare? Don sun san abin da yaro ya fara taɓawa shi zai kira "zaɓina" in ya girma.

Wani abin dariya kuma: ƙasar da ta gadar mana AZERTY, jandarmominta sun fara ƙaura daga Windows zuwa Ubuntu tun 2008, suka yi tasu mai suna GendBuntu a kan dubban injina. A Faransar dai aka fara Emmabuntüs a 2011, wata Linux da aka tsara musamman don tayar da tsofaffin injina, kuma an kai ta makarantu a Togo.

Kowace da halinta

To, mu ɗora su a sikeli, da awon Matamaye.

Windows tana da jama'a, kuma jama'a rahama ce. In ta lalace akwai mai gyara kusa. Kowane injin buga takarda ya san ta. Mai ɗaukar aiki Word da Excel zai tambaye ka. Ga mu ƴan kimiyyar harshe, Toolbox da FieldWorks na ƙungiyar SIL, waɗanda ake haɗa ƙamus da su, a kanta suka fi sakewa. Cutarta kuwa kowa ya sani: birus. Wane ne a cikinmu bai taɓa kai kile wani ɗakin fotokofi ba, ya dawo ya tarar duk takardunsa sun rikiɗe sun zama gajerun hanyoyi marasa buɗuwa? Ga nauyi a kan tsohon inji, ga sabuntawar da ke shanye ƴan megan da ka saya da kuɗin abincin rana.

Mac kyakkyawa ce, ba a musu. Allonta garau, ba ta cika laulayi ba, kuma tun da Apple ya fara ƙera nasa ƙwaƙwalen inji a 2020 batirinta na daɗewa ƙwarai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da wutarsa ke zuwa ta layin Katsina. Mun ga yadda aka yi a Agustan 2023 da aka yanke layin, aka shafe watanni ana lissafin awoyin kuran. Cikin allunanta akwai ABC Extended, mai buga haruffanmu. Amma kuɗinta fa? In caja ta ƙone ko allo ya tsage, sai an yi tafiya. Doki ne na sarauta, ga kyau ga tsadar harawa.

Linux kyauta ce, kuma halal. Nau'o'inta marasa nauyi, irin su Xubuntu da Lubuntu, suna tayar da injin da Windows ta yanke wa ƙauna. Birus ɗin kile na Windows ba ya cin ta. Praat na jami'ar Amsterdam da muke auna sauti da shi, da ELAN da muke rubuta hirarraki, duk suna tafiya a kanta kamar yadda suke tafiya a sauran biyun. Amma masu wa'azinta ba sa faɗa maka sauran. Takardar da ka shirya a LibreOffice, in aka buɗe ta a Word, wani lokaci shafuka su goce, teburi ya karkace. Wani injin buga takarda ya ƙi gaisawa da ita. In ta rikice, mai gyaran unguwa zai dube ta ya dube ka, ya ce a formate a zuba Windows. Mai Linux a garinmu shi ne likitan kansa.

Game da ƙugiya fa? Yau duk ukun sun iya. A Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X, ko Alt da C a wasu na Faransanci, ƙ za ta fito. A Ubuntu, danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar. Wanda ba ya son haddar lambobi ya ɗora allon Hausa, ko ya nemi Keyman, manhajar madannai ta SIL wadda take kyauta kuma tana aiki a kan duka ukun har da waya. Salon haruffa irin su Charis SIL da Doulos SIL da Andika su ma kyauta ne. Kuma wayar Android da ke aljihunka, wadda aka gina a kan zuciyar Linux, in ka sa mata allon Hausa na Gboard, haruffan nan suna nan suna jiranka. Kun ga ke nan rabin masu zagin Linux a fada da ita suke kiran gida.

Inda na tsaya

Ni Linux Mint nake aiki da ita, a kan wani tsohon inji ɗan Kano. Dalilina uku ne: ba ni da kuɗin lasisi kuma ba na son na sata, injina ba zai ɗauki sabuwar Windows ba, kuma ina son in iya taɓa allon madannaina in sa ƙ inda yatsana yake so ba tare da na rasa é ba. Amma ba zan ce wa ƙanwata mai koyon aikin sakatariya ta bi ni ba. Ita kasuwar aiki za ta shiga, kuma kasuwar Word take ji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abu biyu ne suka sa nake ganin lokacin wannan magana ya yi. Na farko, ranar 14 ga Oktoba 2025 ce Microsoft ya tsayar don daina kula da Windows 10, kamar yadda ya saki XP a Afrilun 2014 da Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar inji ta baya-bayan nan. Yawancin injinan da ke hannunmu ba su cika sharaɗin ba. Ofisoshin Turai za su zubar da nasu, kuma kun san inda za su sauka. Ko dai mu ci gaba da zama a gidan da maginin ya daina yi wa yaɓe, ko mu koyi wata hanya.

Na biyu, a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, ma'anarsa ga mai riƙe da kilabiye a fili take: takardun Hausa za su ƙaru, kuma wani ne zai buga su. In masu bugawar ba su san inda ƙugiya take ba, za mu cika ma'ajiyar ƙasa da rubutun da jikokinmu za su riƙa cinta. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Fulatanci na da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, Barbarci da Buzanci na da ǝ. Wanda ya koyi buga tamu ya buɗe wa maƙwabcinsa ƙofa.

Kammalawa

Ga roƙona ga ƴan wannan ƙungiya tamu ta marubuta, ko wace sistam mutum yake so. Mu daina aiki da haruffan aro, mu rubuta da Unicode. Duk wanda zai kawo rubutu don ɗan littafi na gaba, ya kawo shi da ƙugiyoyinsa cikakku, kuma ya haɗo da PDF, don shi ne ba ya sauya kama tsakanin inji da inji. Wanda ke da tsohon kundi mai }asa da ]aki, na malaminsa ko na yayansa, ya kawo mu juya shi: aikin nema da musanyawa ne na haruffa shida zuwa takwas, ba ya cin rabin awa. Kuma kowannenmu ya ɗauki ɗakin buga takardu ɗaya a unguwarsu, a Matamaye ko Kance ko Damagaram, ya zauna da mai wurin ya ɗora masa allon Hausa, ya nuna masa sau ɗaya.

Takardar da ke hannunku fotokofi ce, kuma injin fotokofi bai san Windows ba, bai san Mac ba. Abin da aka ba shi yake mayarwa. In kun ga ƙugiya ta ɓace a wani layi, ku ɗauki biro ku maƙala mata, kamar yadda sakatarorin da suka yi, sannan ku zo mu gyara ta a inji kafin bugu na gaba.